Ƙwayar Gero a Kan Maɓalli

Magariya, Laraba da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka Damagaram lafiya, ke da kayanki, ba abin da ya same ki sai gajiyar mota. Allah ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da mutanen da za su ga mutuncinki ko ba su san gidanku ba. Innarki na gaishe ki tun yanzu. Ta ce kada in daɗe a waje, akwai buhun da zan riƙe mata bakinsa ta zuba miki gari. Ta ɗan jira.

Kin san ni da surutu, amma in na zauna gabanki zan yi miki nasiha, sai ki fara murmushin nan na kakarki da kika ci sunanta, maganar ta watse mini. Shi ya sa na zo gidan rediyo kafin lokacin aikina, na zauna a kujerata ina buga miki wannan.

Jiya na leƙa ɗaki na gan ki gaban ordinatar, kwamfutar nan da kawunki ya ba ki. Kin ɗora hannun dama a kan ɓera kina ta fama, kibiya na yawo a ekaran, fuskar na'urar, hagun kuma kin cusa shi ƙarƙashin cinya kamar ya yi laifi. Na gane. Za ki shiga cikin baƙi wurin koyon aikin haɗa sauti, ba ki so tun ranar farko a ce ga bahaguwa ta zo. Abin ya taɓa ni ƙwarai, har na kasa cin tuwona da daɗi. Ke abin da kika tashi kika gani shi ne hannun Baba na dama ba ya damƙa. Ba ki san saura ƙiris kujerar nan da ke ciyar da gidanmu ta kuɓuce mini ba, ba ki kuma san abin da ya riƙe mini ita ba. Yau za ki ji.

Lokacin da aka kawo mana ordinatar, aka kwashe kaset-kaset aka zuba a kwali, ni aka tura koyo. Na dawo ina ji da kaina. Abin da ya fi burge ni shi ne ɓeran nan: ka tura shi, kibiya ta ruga, mutane na tsaye bayanka suna kallo. Wanda ya koya mana ya nuna mana maɓallan gajerce hanya. Ya ce kuma jerin da ke can saman kilabiye, allon maɓallan, masu harafin F, mutum na iya ba kowannensu aikin da ya ga dama. Na ji shi da kunne ɗaya. A raina na ce wannan aikin malalata ne, kuma wa zai ga gwanintata in yatsa kawai na taɓa?

Ran nan Malam Habu, mai gabatar da shirye-shiryenmu, yana karanta sanarwar rasuwar wani dattijo na Dungas. Ya ambaci ƴaƴa da jikoki, ya sassauta murya, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya ɗaga mini hannu ta gilashi in saka karatun da muke sakawa bayan irin wannan sanarwa. Na kama ɓera. Sunayen sautukan jere suke, ƙanana, wani ƙarƙashin wani, sai kibiyar ta zame layi guda. Uwani, kalangun biki ne ya tashi. Ba ƙaramin kalangu ba, irin na rakiyar amarya, har da guɗa. Kafin in lalubo inda ake tsayarwa, guɗar ta kai ƙarshe ta sake ɗaukowa. A gidan makokin kuwa rediyo na kunne a zaure, don su ji an ambaci mahaifinsu.

Washegari ni da darakta muka hau moto, babur ɗina, har Dungas muka ba da haƙuri. Babban ɗan mamacin mutumin kirki ne. Ya ce, "Ba komai, Malam. Tsoho yana son kiɗa da ransa, sai dai ba mu zaci za ku raka shi da shi ba." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

To ki riƙe wannan. Duk aikin da kike maimaitawa kullum, kuma kuskure a cikinsa zai ɓata wa wani rai, kada ki bar shi a hannun kibiya mai zamewa. Ki ba shi maɓallinsa shi kaɗai, wanda ba ya komai sai shi. Kina tsammanin ni na yi hankali daga ranar? Ina. Ƙara riƙe ɓeran kawai na yi da kyau.

Sai da Allah ya karɓi hannun. Muna hanyar Dogo-Dogo ɗaukar shiri ranar kasuwa, jaki ya fito da amalanke daga cikin gero, na taka birki a rairayi, moto ya kwanta a kan tsintsiyar hannuna. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya haɗe, amma yatsun suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Ba ni iya damƙe ko cokali, balle ɓera.

Darakta bai wulaƙanta ni ba, kada ki riƙe shi a rai. Ya kira ni biro, ɗakin aikinsa, ya ce, "Malam Isa, shirin sakin gonaki na tafe. Ka san ranar nan waya ba ta hutawa, kowa da zafinsa yake kira. In hannun bai iya ba, ka gaya mini in nemi wanda zai zauna kujerar. Ba zan iya saka garin nan a caca ba."

Gaskiya ya faɗa. Kin san yadda ake yi kowace kaka: hukuma ta sa ranar da makiyaya za su shigo da dabbobi gonaki su ci kara da harawa, kafin ranar kuwa manomi na gaggawar kwashe amfaninsa, shanu na matsowa bakin gona, rai na ɓaci da wuri. Shirin da muke yi kai tsaye kan wannan batu shi ne mafi nauyi a shekara. Na ce masa zan iya. Ban san ko zan iya ba, bakina ne kawai ya riga ni.

Nan na sake wata wautar, irin taki ta jiya. Na koma saka riga mai dogon hannu, ina tura ɓera da bayan hannun da ya mutu, ina danna shi da gaɓar yatsa. In ba kowa a ɗakin sai in gwada da hagu, in na ji motsi in mayar da shi cinya. An tashe mu a kan cewa hagu na bayan gida ne, sai nake jin kunyar a gan ni ina neman abinci da shi. Abin da ya biyo baya shi ne shiru a iska. Malam Habu ya gama magana ya ɗaga hannu, ni ina can ina kokawa da kibiya, masu saurare na jijjiga rediyonsu suna zaton batir ya ƙare. Darakta sai dai ya leƙo ya koma, leƙen nan kuwa ya fi mini faɗa ciwo. Kada ki ɓoye hannun da ke iya aiki don ki faranta wa mai kallo. Mai kallo ba zai zauna kujerarki ya gama miki aikin ba.

Innarki ce ta fid da ni, kuma har yau ba ta bari in manta. Na dawo wani yammaci raina a ɓace, na zauna bakin madafa ina gaya mata aikin nan ya kusa ƙarewa. Itacen ɗanye ne, hayaƙi ya rufe mata ido, tana hawaye tana amsa mini. Amma ina kallon hannunta: ya miƙa ya ɗauko gishiri, ya koma ya ɗauko daddawa, ya ɗauko ludayi, ko sau ɗaya ba ta duba ba.

Na ce, "Ke, ba ki tsoron ki zuba kanwa a maimakon gishiri?"

Ta ce, "Ni na ajiye kowanne a wurinsa, hannuna ya sani. Kai a wurin aikin naka kullum sai ka nemi gishiri?"

Na tashi na bar mata madafar, don kada kanta ya ƙara girma. Amma da safe na riga mai shara zuwa, na ture ɓeran gefe, na zauna ina duban kilabiye kamar ban taɓa ganinsa ba. Sai ga abin da na yi shekaru ina kallo ban gani ba. Ɗan ƙaramin yatsan hagu ya danne Ctrl, C na kwafa yana nan kusa, V na mannawa na gefensa, X na yankewa, S na adanawa, Z na komawa baya in an yi kuskure, duk a ƙarƙashin hannu ɗaya, kuma hannun hagu. Har na ce lalle wanda ya tsara abin nan bahago ne, ko kuwa yana da ɗiya bahaguwa. Dariya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Daga nan na hau jerin sama. Na ba wani maɓalli taken shiri, wani karatun bayan sanarwar rasuwa, wani buɗe mikoron Malam Habu da rufe shi. Tun da aka sabunta mana kayan aiki layin waya ma ta cikin na'urar yake bi, sai na ba wani yanke waya. Saura matsala guda: idona dole ya tsaya kan Malam Habu ta gilashi, ba zan riƙa sunkuyawa ina karanta maɓallai ba. Na jiƙa ƙaro, na manna ƙwayar gero a kan na yanke waya, na manna ƙwayar dawa a kan na rasuwa, don yatsa ya ji bambancinsu. Malam Habu ya shigo ya gani, ya ce, "Jama'a, Isa ya fara noma a kilabiye. Bana sai mun ga zangarniya."

Bai daɗe yana dariya ba, don shi kuskurena na gaba ya faɗa wa. Na ajiye maɓallin mikoro jikin na take, kafaɗa da kafaɗa. Ran nan take na tafiya, shi kuma ya ɗauko ƙosai yana ci, yatsana ya goce ya buɗe masa mikoro. Duk Magariya ta ji shi da cikakken baki yana cewa, "Wannan ƙosan na jiya ne, matar nan ba ta tsoron Allah." Mai ƙosan tana bakin ƙofarmu, rediyonta na rataye a jikin bishiya. Har aka shiga sanyi ba ta sake sayar masa ba, sai dai ya aiki wani a ɓoye.

Don haka in za ki tsara naki, maɓallin da zai iya jawo fitina ki nisanta shi da wanda kike taɓawa kowane lokaci, ki bar fili a tsakaninsu. Ki gwada kowanne tun ba kowa ke ji ba. Kada zumuɗi ya ɗebe ki ki ba kowane maɓalli aiki, yatsa ba ya riƙe abin da ba ya yi kullum, ki fara da kaɗan sai sun zauna. In kuma na'urar ta tarayya ce, ki gaya wa wanda zai zauna bayanki abin da kika sauya, kada ki haƙa masa rami ba da niyya ba.

Ranar shirin ta zo. Bayan la'asar ne. A ɗakin magana ga Malam Habu, ga wakilin manoma, ga wani Ardo dattijo mai sanyin murya. Darakta ya shigo ɗakina ya tsaya bayana ya harɗe hannu. Na san abin da tsayuwar take nufi: in na yi tuntuɓe yau, gobe wani ne a nan. Na naɗe hannun rigata har gwiwar hannu, na ɗora na dama a tebur kowa ya gani, na shimfiɗa hagu a kan kilabiye.

Kira ya yi ta shigowa, ina buɗewa ina rufewa, ba shiru ko na numfashi. Can sai wani ya kira daga wajen Yekuwa. Ya yi sallama da ladabi, ya ce waken da ya bari ya bushe a gona, shanu sun shiga sun cinye shi tas.

Malam Habu ya ce, "Subhanallahi, sannu. Ka kai maganar wurin mai gari?"

Ya ce, "Wane mai gari? Mun san masu shanun."

Daga jin haka yatsana ya lalubi ƙwayar geron ya kwanta a kanta. Muryar mutumin ta hau. Ya ce, "Duk samarin ƙauyukan nan da ke jin rediyo, kowa ya ɗauko sandarsa, mu haɗu yanzu a rugar..."

Na danna. Sunan bai fita ba. Ban duba ƙasa ba, idona na kan Malam Habu. Wani yatsan ya saki take, ya ba shi damar haɗiye yawu, na ga ya gyaɗa kai, na buɗe masa mikoro. Ya ce, "Mu muka tsayar da wannan kira. Ɗan'uwa, mun ji kukanka, kuma hakkinka ba zai faɗi ba. Ga Ardo, ga wakilin manoma, gobe da safe za su zo gonarka tare da mai gari a bi sawu. Samari, a ajiye sanda." Ardo ya karɓa da bakinsa, ya ce ko shanun ɗansa ne sai an biya ɓarnar.

Uwani, da ɓera ne a hannuna, ko da lafiyayyen hannun dama na da, kafin kibiya ta isa wurin da sunan rugar ya shiga kowane zaure daga nan har bakin iyaka. A rugar nan akwai mata da yara da tsofaffi.

Da muka rufe shirin, darakta ya sunkuyo yana duban kilabiye. Ya nuna ƙwayar dawa ya ce, "Wannan kuma na mene ne?" Na ce na rasuwa ne, don kada mu sake raka kowa da kalangu. Ya yi dariya har ya dafa bango. Sannan ya ce, "A gaya wa mai shara kada ta goge hatsin nan. Malam Isa, kujerarka ce." Ranar ta tsakiyar kasuwa na bi na koma gida, hannun riga a naɗe, ina gaida wanda na sani da wanda ban sani ba. Na shiga na ce wa innarki, "Gishirinki ya yi." Ta ce da ma ta sani, in miƙo mata ludayi.

Bayan ƴan kwanaki aka ce ina da baƙo. Wani dogon mutum ne da ƙwarya a hannu, ya ce shi ne mai kiran Yekuwa, yana neman wanda ya yanke shi. Na ce ga ni, ina shirin jin faɗa. Sai ya ajiye ƙwaryar, wake ne a ciki, ɗan abin da ya tsira. Ya ce da aka bi sawu, ba ruga ya nufa ba, gidan ƙanensa ya shiga. Shanun huɗar ƙanen ne suka tsinke daga turke.

Ya ce, "Da ka bar ni na faɗi sunan nan, da yau ban san inda zan sa kaina ba. Ina hannun da ya yanke ni?"

Na miƙa masa na dama yadda aka saba, hagu na tallafe da shi. Ya dubi yatsun ya ce, "Wannan ne?" Na ce a'a, na ɗaga hagun ina ɗan jin nauyi. Mutumin nan, dattijo da gemunsa, ya kama hannuna na hagu da hannayensa biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Na yi farin ciki ranar irin wanda ban yi ba tun ranar sunanki.

To kin ji. Ki ci abinci da dama, ki miƙa wa mutane abu da dama, ki gaisa da dama, wannan ladabi ne kuma ba na so ki bar shi. Amma in kin zauna gaban na'ura, ki fito da hagunki ki ɗora shi a sarari. Ki mayar da ɓera gefen da ya yi miki daɗi, ki kuma rage dogara da shi. Ni sai da na faɗi a rairayi na koyi abin da ke aka haife ki da shi. In malaminku ya nuna muku maɓallan gajerce hanya, ki ji shi da kunne biyu, kada ki yi irin ta babanki.

A ƙaramin aljihun jakarki, inda kika sami wannan takarda, akwai ɗan ƙulli. Gero ne daga gonarmu da ɗan ƙaro. Ba na kunu ba ne. In kin gano maɓallin da aikinki ya fi rataya a kansa, ki manna masa ƙwaya. In abokan karatunki sun yi dariya, ki bar su su gama, Malam Habu ma ya yi tasa.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare miki idonki da hannuwanki duka biyu, ya sa albarka a abin da za ki koya, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane. Ki riƙe salla a kan lokacinta, ki kira innarki ko ba ki da labari.

In kuma wani ya ce miki bahaguwa don ya ga kin sunkuyar da kai, ki dube shi ki ce e. Tuwon da ya raine ki, da littattafan karatunki na lakwal, da wannan takarda da kike riƙe da ita, duk hannun hagu ne ya yi su.

Naki,
Babanki Isa